Man da Ba a Sa wa Turare

Innata man shafawa take yi da sabulun salo a Argungu, kuma duk wanda ya tashi a unguwarmu da hanci yake gane gidanmu tun bai hango zaure ba. Ba cika baki nake yi ba. Katangar gidan nan ta sha ƙamshi har ta ƙoshi. In aka yi ruwan farko, gidajen mutane ƙamshin ƙasa suke yi, namu kuwa kajiji da kanumfari. Babana masunci ne, Bakabe ɗan Bakabe, rabin rayuwarsa a cikin gulbi ya yi ta. 'Yan uwa kan tsokane su, wai an haɗa ƙarni da ƙamshi ɗaki ɗaya. Shi sai ya yi dariya. Ita ba ta dariya, sai ta ce ƙarnin ne ke kawo gero gidan, mai magana ya je ya ci ƙamshi in ya isa.

Man kaɗe daga kudu ake kawo mata, curi-curi a naɗe cikin ganye. Ta narkar da shi a babbar tukunya, ta tace da farin ƙyalle, ta sake dafa shi da ruwa har datti ya kwanta ƙasa, warin ɗanyen mai ya fita. Sai ta zuba alayyadi don ya yi santsi, da ɗan kakin zuma don kada zafin garinmu ya mayar da shi ruwa. Kayan ƙamshin daban take jiƙa su cikin mai, kajiji da saiwar jema da kanumfari, dakakku, a bar su a rana har man ya janye abin da ke cikinsu. Daga nan sai aikin da na tsana tun ina yarinya, wato bugu. A juye a ƙwarya a yi ta bugunsa da hannu, ba muciya ba, ba ludayi ba, har ya yi fari ya taso kamar kindirmo. Ta ce hannu ne ke jin lokacin da mai ya nuna. In ta gama sai ta lakato ta goga a bayan hannunta, ta jira ya ji ɗumin jiki, sannan ta shinshina. In bai yi mata ba, ko dangin amarya na zaure suna jira, sai an sake.

Sabulu shi ne mugun aiki. Tokar karan gero ake cika tukunya mai huji a gindi da ita, a zuba ruwa ya riƙa tsiyaya a hankali. Ruwan tokar nan kaifi gare shi. Shi ake dafawa da mai har ya kama jikinsa, a cura da hannu tun da sauran ɗumi. Ranar sabulu hannun Inna kan yamushe, ya yi fari fat, fatar yatsu kamar za ta saɓule. Amma kashegari sai ka ga hannu sumul, kamar ba shi ba. Ba mu taɓa tambaya ba. Mai yin man shafawa ce, me za a tambaya?

Akwai mai guda da ba na sayarwa ba ne, shi ne na Baba. Shi dai ya yi imani kifi na jin ƙamshi a jikin koto, in hannu mai turare ya taɓa ƙugiya ranar ba a yi sa'a. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ban sani ba, ni ban taɓa tambayar tarwaɗa ba. Inna dai ba ta yi masa musu ba. Nasa man kaɗe ne zalla, ba kajiji, ba kanumfari, ko kakin zuma ba ta sa masa, don ya ce shi ma yana ƙamshin zuma. Tukunyarsa daban take, tana rumfar da yake rataye homar kamun kifi da ƙugiyoyi, ba ta taɓa shiga madafinmu ba. Kafin Inna ta yi shi sai ta kwana biyu ba ta taɓa kayan ƙamshi ba, ta dirje hannu da toka, ta samo sabon kara ta juya da shi. A wata 'yar langa mai shuɗin murfi take zuba masa. In ta ƙare a sake cika ta.

Ni an kai ni Birnin Kebbi. Maigidana a ofishin gona yake aiki, zamanin da ko takardar hutu sai an kai ta Sakkwato an sa hannu. Na yi murna da auren, na kuma yi murna da na rabu da bugun mai. Abin da kawai ya rage tsakanina da sana'ar shi ne Inna ta aiko da gwangwanayen man a mota, ni kuma in raba wa matan ma'aikata da suka saba da shi. Nan kam na iya, don baki gare ni.

Baba ya rasu bayan an gama yankan shinkafa. Zazzaɓi ne, bai daɗe a kwance ba. Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba lalle, ba turare. Kawu, ƙanenta, malami ne, shi ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta ya yi mata bayani, ya ƙara da cewa har aikin turaren ma ya fi kyau ta bari in akwai mai kama mata. Ya faɗi haka yana kallona. Na ce a raina, to, abin da na gudu ya biyo ni har gida. Maigidana ya ba ni izini, na riƙa yin kwanaki a Argungu, in koma Birnin Kebbi in duba gida, in sake dawowa.

Haka muka riƙa aiki. Ni a tsakar gida da ƙwarya tsakanin ƙafafuna, ita can bakin ƙofa, ta rufe hanci da gefen mayafi, wai don kada ta sha ƙamshi. Amma daga can za ta ce kanumfari ya yi yawa. In ce Inna, ke da kika toshe hanci? Ta ce ai ko maƙwabta sun ji. In na ce hannuna ya gaji, ta ce jin ƙarar bugun nan ma ta san man bai nuna ba. Mun yi faɗa ba iyaka a kan ƙwaryar nan, kuma na fi son ranakun faɗan, don ranar da ba ta yi magana ba gidan yakan yi mini faɗi.

Sabulu ba a sa masa turare, saboda haka wannan ba wanda ya hana ta. Ta kuwa kama shi kamar ta sami abokin gaba. A da sai sabulu ya ƙare take yi. Yanzu wani bai bushe ba ta ɗora wani, har muka rasa inda za mu jera shi. Ga ɗari ya shigo. Na fara ganin hannun ba ya komawa yadda na san shi. Ya yamushe ranar sabulu, kashegari yana nan a yamushe. Daga nan gaɓoɓin yatsu suka fara tsagewa. Wata safiya na zuba mata ruwan alwala, na ga ruwan da ke sauka daga hannunta ja-ja. A gindin babban yatsanta na dama akwai tsaga da ta yi zurfi, baki buɗe.

Na ce ta shafa mai. Ta ce duk man gidan nan mai ƙamshi ne. Gaskiya ta faɗa. Na ce wannan ai ba abin damuwa ba ne, ga man kaɗe curi-curi a ɗaki, yanzu zan narka mata zalla. Na ɗauko tukunyarta na wanke, na sake wankewa, na dafa mai na tace, na kai mata ina jin kaina. Ko karɓa ba ta yi ba. Ta ce in shinshina. Wallahi kajiji ne tsagwaronsa. Tukunyar da ta shekara da shekaru tana dafa ƙamshi, ƙasarta ta sha ta ƙoshi, ko ruwan banza ka dafa a ciki sai ya fito da shi. Haka ƙoren, haka ludayin, haka ƙyallen tata. Ba abin da ke gidan nan da bai jiƙu ba.

Na nemi tukunyar Baba a rumfa, ashe ta tafi tare da homa da ƙugiyoyi wajen ƙannensa. Ban tsaya bin sawu ba. Ranar kasuwa na aika aka sayo sabuwar tukunya da sabuwar ƙwarya da sabon ƙyalle, na hura wuta a bayan gida nesa da madafi. Na yi komai yadda ya kamata, sai dai da na zo ƙarshe na sa hannu na buga shi, don haka na saba. Inna ta kawo shi kusa da hancinta, ta mayar mini, ta ce hannuna ne. Ni da nake bugun man amare tun da aka yi rasuwa, ƙamshin ya shiga har ƙarƙashin farce, kuma mai ba ya barin ƙamshi ya wuce shi. Na shinshina, da ƙyar na ji wani abu can nesa. Na ce Inna, wannan ko kare ba zai ji ba. Ta ce ita ta ji.

A Birnin Kebbi ina da maƙwabciya, Kirista ce daga wajen Jos, ma'aikaciyar asibiti, muna shiri sosai. Na kwatanta mata hannun. Fuskarta ta canja. Ta ce irin tsagar nan in ta ci gaba da shan ruwan toka za ta iya ruruwa, in kuma ta kama ciki yatsan na iya sandarewa. Ta ba ni farin basilin wanda ba a sa wa komai ba, da bandeji, ta ce a hana ta sabulu. Na ce a hana wa? Ba ki san Inna ba. Duk hanyar Argungu maganar sandarewar nan ke yawo a kaina. Hannun nan shi ne Inna. In ya tafi, ba sana'a kaɗai ta tafi ba, don matar nan ba ta iya zama ba, ba ta iya hira ba, da hannu take magana da duniya.

Basilin ma ta ƙi. Wai warin kananzir yake yi. Bandejin ta yarda aka ɗaura, ta kwance shi lokacin alwala, ba ta mayar ba. Na je na ɗauko Kawu. Ya duba hannun, ya yi salati, ya ce wannan ai larura ce, ko man mai ƙamshi ne ta shafa don magani ba laifi a kanta, addini bai ce ta lalata jikinta ba. Ta saurare shi har ya gama, ta yi masa godiya, ta tambaye shi mutanen gida. Da ya fita na bi shi zaure. Ya ce mini, ɗiyata, abin nan ba na fatawa ba ne, ki bi ta a hankali. A hankali! Ni da Allah bai ba ni hankalin bin mutum ba.

Ranar da na ga 'yar langar, ruwa na je ɗiba a ɗakinta. Randarta a kan yashi take zaune, kamar ta kowa, don ruwa ya yi sanyi. A bayan randar, cikin jiƙaƙƙen yashi, na ga wani abu an binne shi rabi, an lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Na ɗaga, sai ga shuɗin murfi. Na buɗe. Man Baba ne, ya fi rabi, fari tas, ba ƙamshin komai. A samansa ga shatin yatsu uku, manya, sun ja daga baki zuwa tsakiya, yadda ya lakata na ƙarshe. Har inda farcensa ya karta ana gani.

Na tsaya da langar a hannu. Babana ne a wurin. Ba mu da hotonsa, rigunansa an raba, homarsa ta tafi, sai wannan. Amma kuma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Watanni ina fama da tukwane, ina zirga-zirga tsakanin gari biyu, ashe man da ba wanda zai ce uffan a kansa yana bayan randa. Na fito da ita tsakar gida na ce, Inna, ga mai.

Ta ɗago kai daga kan tukunyar toka. Ta ce, "Ruhe shi. Ki mai da shi inda kika ɗauko."

Na ce mata na gane, ni ma ubana ne. Na ce ba sai an taɓa wurin yatsun ba, a lakata daga gefe. Na ce Baba ya riga ya tafi, hannu kuwa yana nan, kuma da zai dawo ya ga abin da take yi da shi ba zai ji daɗi ba. Na faɗi magana da yawa, har muryata ta kai zaure. Ta bar ni na gama, ta miƙo hannun nan mai tsaga ta karɓi langar, ta shiga ɗaki. Kashegari na hau mota na koma Birnin Kebbi ina huci. Maigidana ya tambaye ni jikin Inna, na ce lafiyarta lau, taurin kai ne kawai ke damunta. Ban daɗe ba na dawo, don fushi da uwa ba ya barin mutum ya ci abinci.

A shekarar nan zafi da wuri ya sauko. Takaba ba ta ƙare ba aka fara kwana a tsakar gida. Hannun ya daina sabuwar tsaga, amma ta gindin babban yatsa ta ƙi rufewa, gefenta ya kumbura, yatsan ba ya lanƙwasuwa sosai. Ta rage sabulu, ba don na hana ba, don ba ta iya cura shi. Na lura da wani sabon aiki da ta samu. Bini-bini ta tashi ta shiga ɗaki da moɗa, ta yayyafa ruwa a yashin bayan randa, ta sake jiƙa tsumma. Na san dalili. Man amare na da kakin zuma, yana jure zafi. Na Baba ba shi da shi. Man kaɗe zalla in rana ta yi rana a Argungu, ko a inuwa yake sai ya saki jiki. Tana faɗa da bazara ne da moɗar ruwa, kuma ita ta fi kowa sanin wanda zai ci. A nan kam na kama bakina, tausayinta ya fi ƙarfin fushina.

Wata rana bayan la'asar, an yi zafin da ko kaji sun buɗe baki, ta kira ni ɗaki. Tana zaune a kan tabarma, langar a gabanta a buɗe. Gefen man ya zama ruwa, ya yi zobe. Shatin yatsun yana nan, amma bakinsa ya fara kwantawa, inda farce ya karta ya riga ya shafe. Na ce ko in kawo ruwa mai sanyi a sa ta ciki. Ta girgiza kai. Ta ce in zauna.

Ta kalli man. Sannan ta ce, "Tun da aka kawo ni gidanga, ban taɓa shafa ma hannuna mai ba."

Ban gane ba. Na ce ai kullum hannunta cikin mai yake. Ta ce wannan aiki ne. Ranar sabulu take nufi. Ta ce babanku mutum ne mai fatar kada, man nan bai dame shi ba, in ya shafa sau ɗaya a ɗari ya yi ƙoƙari. Langar don ita ake cika ta. Duk ranar da ta yi sabulu, yakan baro bakin gulbi da la'asar, lokacin mun tafi makarantar allo, gida ba kowa. Ya zaunar da ita a nan, kan tabarmar nan, ya lakato da yatsu uku ya bi hannun gaɓa-gaɓa, har tsakanin yatsu, yana yi mata faɗa wai ruwan tokarta ya cika kaifi. Dalilin da ya sa ba a sa wa man turare ke nan, don da hannun zai koma ya ɗaura koto. Ta faɗi wannan kanta a sunkuye, tana jin kunyata, mace mai jikoki.

Na tuna duk safiyar da na ga hannun nan sumul ban tambaya ba. Na tuna tukwanen da na saya, da basilin, da Kawu da na jawo. Hawaye suka zubo mini, na bar su.

Ta ce ta san in ta bar shi zuwa gobe rana za ta shafe shi, kuma ba ta son rana ta riga ta. Ta yi bisimilla, ta jera yatsunta uku a cikin shatin nasa. Wurin ya yi musu yawa, nasa sun fi nata kauri nesa ba kusa ba. Ta ja a hankali daga baki zuwa tsakiya, yadda ya ja. Man ya yi laushi, ya biyo ta ba gardama.

Sai ta tsaya da shi a yatsu, kamar ba ta san inda za ta fara ba. Ta goga a tafin hannu, ta murza kamar mai wanke hannu bayan tuwo. Rabi ya gangaro tsintsiyar hannu, tsagar ma ba ta samu ba. Matar da ta yi wa amaren gari guda man shafawa, ga ta tana ɓarnar mai kamar yarinya. Na matso na miƙa hannu, na ce Inna, kawo in shafa maki.

Ta janye hannun zuwa ƙirjinta. Ba da faɗa ba.

Ta ce, "A'a, ɗiyata. Ke gidan mijinki za ki koma. Bari in koya."

Na mayar da hannuna kan cinya. Ta sake lakatowa, ta fara daga babban yatsa, gaɓa-gaɓa.